Ziyarar Ɗaliban Likitanci Ga Majinyata A Asibiti: Asalinta Da Amfaninta Da Sharuɗɗanta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wani aikin sa kai da ɗaliban likitanci suke yi a asibitocin koyarwa da dama, watau ziyartar marasa lafiya da ke kwance domin a zauna da su, a ɗebe musu kewa. Ɗalibin da ya zo irin wannan ziyara ba ya riƙe da allura ko magani, ba ya auna jini, ba ya kuma rubuta kome a katin mara lafiya. Iyakar abin da yakan yi shi ne ya jawo kujera, ya gaisa, ya saurara, wani lokaci ya karanta wa mutum jarida ko ya taimaka masa ya buga waya gida.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan dubiya ce kawai irin wadda kowa ya sani, ba ta kai a kawo ta gaban taro irin wannan ba. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan zama yana da amfanin da aka auna ga lafiyar majinyaci, kuma yana koya wa ɗalibi abin da allo da littafi ba sa iya koya masa. Amma fa amfanin duka biyu ba ya samuwa sai an tsara ziyarar, an kuma yi mata iyaka.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu da akan rikita. A cikin wannan takarda, in mun ce majinyaci muna nufin mara lafiyar da ke kwance a gado. In kuwa mun ce mai jinya muna nufin ɗan'uwa ko aboki da ke zaune yana kula da shi.

2.0 Asalin Al'amarin

2.1 Damuwar malaman likitanci

Tun lokacin da asibiti ya zama babbar ma'aikata mai ɗaruruwan gadaje, malaman likitanci suka fara lura da wata illa. A shekarar 1927 Francis Peabody, malami a makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, ya buga wata lacca da ya yi wa ɗalibansa, inda ya koka cewa a asibitin zamani mutum yakan rikiɗe ya zama sunan cutarsa da lambar gadonsa. Ya nuna cewa likitan da bai san gidan majinyaci da sana'arsa da abin da ke hana shi barci ba, to rabin cutar kawai ya gani. Peabody ya rasu a wannan shekara, amma har yanzu ana karanta wannan lacca a makarantun likitanci.

2.2 Ɗaliban Kopenhagen a 1952

A tsakiyar shekarar 1952 annobar shan-inna ta ɓarke a Kopenhagen, babban birnin ƙasar Danmak. Asibitin Blegdam, wanda shi ne na cututtuka masu yaɗuwa, ya cika maƙil, har akan kawo mutum hamsin a rana ɗaya, yawancinsu yara. Fiye da 300 cutar ta shanye musu naman da ke motsa numfashi, alhali asibitin yana da babbar na'urar numfashi guda ɗaya tak da ƙanana shida. Daga cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya tabu, 27 suka rasu.

Sai wani likitan sa barci lokacin tiyata, mai suna Bjørn Ibsen, ya kawo shawarar a huda maƙogwaron majinyaci, a sa bututu, a riƙa tura masa iska da jakar roba. Da yake babu injin da zai matsa jakar, dole aka nemi hannuwa dare da rana. Ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500 suka amsa kira, suna karɓa-karɓa na awa shida zuwa takwas, ana ba su ɗan abin hasafi. Cikin 'yan watanni mace-macen irin waɗannan majinyata ya sauko zuwa kimanin kashi 40 cikin 100.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da ya faru a bakin gado. Ɗalibi ɗaya yakan kwashe awoyi da yaro ɗaya wanda ba ya iya magana. Tilas ya koyi fahimtar motsin ido da na leɓe, ya karanta masa tatsuniya, ya lallashe shi in ya tsorata. Wannan ba ziyara zalla ba ce, domin akwai aikin ceton rai a ciki. Duk da haka ta nuna cewa ɗalibi, ko da bai zama likita ba, yana da abin da likita ya fi ƙarancinsa, watau lokacin zama.

2.3 Shirin Oregon

Misali na biyu ya fi kusa da abin da muke magana a kai. Wata nas mai suna Sandra Clarke, a asibitin Sacred Heart da ke garin Eugene a jihar Oregon ta Amurka, ta ba da labarin wani tsoho da ke gargarar mutuwa wanda ya roƙe ta ta zauna da shi. Ta yi masa alkawarin dawowa in ta gama duba sauran majinyatanta, amma ko da ta dawo ya riga ya cika. Wannan ne ya sa a shekarar 2001 ta kafa wani shiri wanda ma'anar sunansa ita ce kada kowa ya mutu shi kaɗai. Masu sa kai sukan yi karɓa-karɓa wajen zama da wanda ajali ya kusato kuma ba shi da kowa. Shirin ya bazu zuwa asibitoci masu yawa, kuma a makarantun likitanci da dama ɗalibai ne suke gudanar da shi. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka hana dangi shiga asibitoci, ɗalibai a wurare da yawa suka ɗauki aikin haɗa majinyata da iyalansu ta wayar hannu mai hoto.

3.0 Amfanin Ziyara Ga Majinyaci

3.1 Kariya daga gigicewa

Akwai wata larura da ke yawan kama tsofaffi a asibiti, wadda za mu kira gigicewa. Mutum yakan shigo da hankalinsa, bayan kwana biyu ko uku sai ya rikice, ya kasa gane dare da rana, ya shiga sambatu, ya fizge robar ƙarin ruwa, ko ya yi yunƙurin sauka ya faɗi. Wani kuma sai ya yi shiru ya kwanta tamkar mai barci. Larurar tana tsawaita kwanciya, tana kuma ƙara haɗarin mutuwa. Ban da cutar da ta kawo mutum, zaman asibitin kansa yana haifar da ita. An raba tsoho da ɗakinsa da mutanensa, fitila da hayaniya sun hana shi barci, an manta da tabaransa a gida, ba ya tashi, ba ya shan ruwa isasshe, ba kuma mai gaya masa yau wace rana ce.

A shekarar 1999 Sharon Inouye da abokan aikinta na Jami'ar Yale suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da majinyata 852 masu shekara 70 zuwa sama. Rabinsu an bar su kan kulawar da aka saba. Sauran rabin kuwa an ƙara musu wasu abubuwa masu sauƙi, waɗanda ma'aikata da masu sa kai da aka horar suka riƙa yi kullum. Ana tuna wa majinyaci rana da wuri da sunayen masu kula da shi, ana hira da shi kan labaran duniya da na rayuwarsa, ana taka masa ya ɗan zaga, ana sa masa tabarau ko na'urar ji, ana ƙarfafa shi ya sha ruwa, da dare kuma a ba shi abin sha mai ɗumi a shafa masa baya maimakon ƙwayar barci. A rukunin farko kashi 15 cikin 100 suka gigice, a na biyu kuwa kashi 9.9. Watau an rage larurar da kimanin sulusi ba tare da sabon magani ba. Wannan shiri ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, kuma a wurare da dama ɗalibai ne mafi yawan masu sa kai a cikinsa. In muka duba da kyau, kusan duk abin da aka lissafa a sama abu ne da mai ziyara mai natsuwa zai iya yi.

3.2 Maganar da ba ta isa kunnen likita

Amfani na biyu ya shafi saurare. A shekarar 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka ɗauki sautin ganawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya a Amurka. Suka gano cewa a matsakaici likita yakan katse mai magana bayan daƙiƙa 18 da fara bayani, kuma kashi 23 cikin 100 kaɗai suka samu damar kai ƙarshen kokensu na farko. Wani bincike da Wolf Langewitz da abokansa suka yi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 2002 ya nuna cewa in an ƙyale mutum ya yi magana ba katsewa, matsakaicin lokacin da yake ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 sukan gama kafin minti biyu.

Ba mugunta ce ke sa likita katse magana ba. Layi ne a bayansa da gadaje masu jiransa. To amma abin da ya rage a cikin majinyaci ba a faɗa ba, sau da yawa shi ne mabuɗin jinyarsa. Wataƙila yana shan wani jiƙo a ɓoye tare da maganin asibiti. Wataƙila bai fahimci dalilin tiyatar da aka ce za a yi masa ba, tsoro ya cika shi. Wataƙila kuɗinsa sun ƙare, ya ƙudura zai sulale gida gobe. Irin wannan magana ba ta fitowa a zagayen safe, lokacin da mutum goma suke tsaye a kansa. Takan fito ne a zama na biyu ko na uku da wanda ba ya sauri. Ɗalibi kuwa, da izinin majinyaci, yana iya isar da ita ga nas ko likita.

4.0 Amfanin Ziyara Ga Ɗalibi

Mu da muke aikin horar da malamai mun san rabe-raben koyo da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 1956, inda aka kasa shi gida uku: sani, da hali, da ƙwarewar hannu. Makarantar likitanci tana da hanyoyi masu ƙarfi na koyar da na farko da na uku, tana kuma jarraba su. Na tsakiya, watau hali, shi ne akan bar wa sa'a.

A shekarar 2009 Mohammadreza Hojat da abokansa suka buga sakamakon bibiyar ɗalibai 456 a Kwalejin Likitanci ta Jefferson da ke Filadelfiya. Sun auna yadda ɗalibi yake iya sa kansa a matsayin majinyaci, tun daga shigarsa har fitarsa. Ma'aunin bai canza sosai ba a shekaru biyun farko, sai ya faɗi a ƙarshen shekara ta uku, wadda a tsarin Amurka ita ce shekarar da ɗalibi yake fara aiki a ɗakunan majinyata. Binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya sami faɗuwar da ba ta kai wannan ba, amma abin lura yana nan: haɗuwa da majinyata kaɗai ba ta sa tausayi, tana ma iya rage shi. Dalili kuwa a fili yake. Ɗalibi yakan zo bakin gado a gajiye, da tsoron tambayar malami, yana neman alamar cuta da zai ci jarrabawa da ita. A hankali sai majinyaci ya zama masa kayan karatu.

Ziyarar sa kai tana juya wannan tsari. Ɗalibi ya zo ba abin da zai nema, ba mai ba shi maki. Zai koyi yadda ake buɗe magana da baƙo, da yadda ake jure shiru, da abin da ake cewa in mutum ya fashe da kuka, da yadda ake sallama ba tare da alkawarin ƙarya ba. Zai kuma ga asibiti ta idon wanda ke kwance: tsawon yini, da jiran sakamakon gwaji, da kunyar a buɗe jikin mutum gaban jama'a. Kamar yadda ba ma yarda ɗalibinmu ya zama malami sai ya tsaya gaban yara a koyarwar gwaji, haka nan wannan fanni ba ya shiga sai da yi. A jami'o'in Nijeriya, inda karatun likita yake ɗaukar shekara shida kuma ba a shiga asibiti sosai sai a rabi na biyu, shekarun farko su ne lokacin da ya fi dacewa a fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5.0 Matsayin Ziyarar A Asibitocinmu

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, mu a nan dubiya al'adarmu ce, kuma addini ya sa ta cikin haƙƙoƙin mutum a kan ɗan'uwansa. Gaskiya ne. Duk wanda ya shiga asibiti a Kano ko Zariya ko Maraɗi da yamma zai ga jama'a da kwanonin abinci da lemo da filas na kunu, zai kuma ga mai jinya ya shimfiɗa tabarma kusa da gado. Asibitocinmu ma sun dogara ga mai jinya wajen sayo magani da ciyarwa da wanki.

To amma wannan dogaro shi ne yake tsananta halin wanda ba shi da kowa. A kowane ɗaki akan sami gadon da ba a tsayawa a gabansa: matafiyin da haɗarin mota ya rutsa da shi nesa da gida, da ɗan ci-rani, da almajiri, da mutumin ƙauye da ya daɗe kwance har damina ta faɗi danginsa suka koma gona. Akwai kuma waɗanda ake ƙyamar cutarsu, kamar masu tarin fuka da kuturta da taɓin hankali, da mata masu yoyon fitsari, waɗanda da yawansu sukan iso cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina bayan aure ya mutu kuma jama'a sun janye jiki. Kaɗaici a tsakiyar taro ya fi ciwo, domin mutum yana kallon maƙwabcinsa ana ta yi masa sannu.

Har ila yau, dubiyarmu tana da tsarinta. An ce "Ya jiki?", amsa ita ce "Da sauƙi", ko da mutum yana jin jiki ƙwarai. Sai a yi addu'a, a ajiye abin da aka kawo, a tashi. Kunya da dauriya da kawaici halaye ne na yabo a wurinmu, amma sukan hana majinyaci faɗa wa danginsa abin da ke cin ransa, don kada ya tayar musu da hankali ko a ce ya kasa haƙuri da ƙaddara. Sau da yawa ya fi masa sauƙi ya gaya wa baƙon da ke dawowa a kai a kai. Ƙungiyoyin ɗalibai sukan kai ziyarar gayya asibiti da azumi ko da salla, da sabulu da 'ya'yan itace, kuma abin yabawa ne. Sai dai wannan daban take da ɗalibi ɗaya ya lizimci majinyaci ɗaya har a saba.

6.0 Sharuɗɗan Ziyara

Niyya mai kyau ba ta hana ɓarna. Saboda haka muna ganin duk inda za a kafa irin wannan shiri ya kamata a kiyaye waɗannan abubuwa:

(a) Izini. Shugabar nas ta ɗakin ita ta san wanda ke bukata, ita ce kuma za ta fara tambayarsa. Majinyaci yana da ikon ya ƙi, ko ya ce yau ya gaji.

(b) Iyakar aiki. Ɗalibi ya bayyana tun farko cewa shi ba likita ba ne, ko da an kira shi da haka. Kada ya fassara sakamakon gwaji, ko ya yi hasashen warkewa, ko ya soki maganin da aka rubuta. Kada ya ba da abinci ko ruwa sai ya tambaya, domin akwai wanda aka hana wa ci saboda tiyata.

(c) Amana. Abin da aka ji a bakin gado ba na hirar ɗakin kwana ba ne, ba kuma a ɗaukar hoto. In magana ta shafi haɗari ga rai, to a nan dole a sanar da ma'aikata, kuma a gaya wa majinyaci za a yi haka.

(d) Ladabi. A kira mutum da abin da ya dace da shekarunsa, Baba ko Inna ko Malam ko Hajiya, a zauna kada a tsaya masa a ka. Ya fi kyau mata su ziyarci mata, maza su ziyarci maza. Wanda addininsa ya bambanta da na mai ziyara, kada a mai da gadonsa wurin wa'azi.

(e) Kuɗi. Lalle za a roƙi ɗalibi taimako, shi kuwa ba shi da shi. A nuna masa ofishin jin daɗin jama'a na asibiti inda zai miƙa irin wannan koke, don kada zumunci ya koma ciniki.

(f) Tsabta. Wanke hannu kafin shiga da bayan fita, da rufe hanci da baki inda ake bukata. Mai mura ya zauna a gida.

(g) Dawwama. Rabin awa sau biyu a mako a rana sananniya ya fi yini guda a shekara. Wanda ya ce zai dawo ranar Laraba, to ya dawo, domin majinyaci yana ƙirga kwanakin.

(h) Kula da ɗalibin kansa. Wata rana zai zo ya tarar da gado an sake shimfiɗa, mai shi ya rasu. Ya kamata a sami malami da zai riƙa zama da masu ziyara, ko sau ɗaya a wata, su faɗi abin da suka gani.

(i) Sa kai. Da zarar an ɗora wa ziyarar maki, ɗalibi zai koma neman abin rubutawa. Haka kuma bai halatta hukumar asibiti ta mai da ɗalibai madadin ma'aikatan da ya wajaba ta ɗauka ba.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi asalin ziyarar ɗalibai daga koken Peabody zuwa ɗaliban Kopenhagen da shirin Oregon. Mun ga yadda gwajin Yale ya nuna cewa hira da tunatarwa da ɗan tattaki suna kare tsoho daga gigicewa, da yadda zama ba gaggawa yake fito da maganar da zagayen safe ba ya ji. Mun kuma nuna cewa ɗalibi yana samun horon hali a daidai shekarun da yake cikin haɗarin bushewar zuciya.

Shirin ba ya bukatar gini ko na'ura. Abin da yake bukata shi ne yardar hukumar asibiti, da nas mai nuna gadon da ba a zuwa, da malami ɗaya mai sa ido, da ɗalibai masu cika alkawari. Muna kira ga makarantun likitanci da na nas-nas su gwada shi a ɗaki ɗaya, su rubuta abin da suka gani, domin a sami hujja daga asibitocinmu da za a kawo gaban taro na gaba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma majinyacin da ba shi da dangi a kusa shi ma yana da haƙƙi a cikinsa.